Garin Masara Da Injin Niƙa: Gargaɗi Ga Gidan Da Ke Da Mai Ciwon Alkama

Akwai wani ciwo wanda likitoci ke kira siliyak. Mai shi ba ya iya cin alkama ko sha'ir. In mace ta kwaɓa garin alkama za ta ga yana danƙo yana miƙewa, to, wannan danƙon shi ake kira gulutin. A cikin ƙaramin hanjin mutum kuwa akwai waɗansu 'yan tsiro ƙanana kamar gashin bargo, su ne ke tsotse amfanin abinci. Ga mai wannan ciwo, gulutin kan sa su lalace. Sai yaro ya yi ta zawo, ciki ya kumbura, ɗuwawu su motse, jini ya ragu, yana ci amma ba ya girma.

Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya nuna a 1950 alkama ce ke jawo shi. Kada a ce ciwon Turawa ne kaɗai. A 1999 an gwada jinin yaran Sahrawi da ke gudun hijira a Aljeriya, aka same shi ga fiye da 5 cikin 100. Ba a ɗaukarsa daga wani, amma yana bin dangi. Babu allura, babu ƙwaya. Maganinsa barin alkama har iyakar rai.

Mu nan mun yi sa'a, domin masara da gero da dawa da shinkafa da acca da rogo da wake duk ba su da gulutin. Amma fa sau da yawa uwa takan hana yaro burodi da taliya da alkaki da funkasau, ta riƙa yi masa tuwon masara kurum, kuma zawon bai tsaya ba. In haka ta faru, a binciki injin niƙa.

Inji ɗaya ne ke niƙa wa gari duka. In an niƙa alkamar maƙwabciya da safe, saurarta na nan maƙale a haƙoran injin da bututunsa, masarar da ta biyo baya ita za ta kwaso ta. Ido ba ya gani. Ƙa'idar duniya ita ce, ba a cewa abinci ba shi da gulutin sai in bai wuce miligiram 20 a cikin kilo guda ba. Watau ɗan garin alkamar da za ka ɗiba da yatsu biyu ya isa ya ɓata mudun garin masara. Wuta kuma ba ta kashe shi, ko da tuwo ya kwana bisa murhu, gama ba ƙwayar cuta ba ne.

Waɗansu sukan fara zuba 'yar tsaba a inji su kawar da ita, wai ta wanke shi. Wannan yana rage alkamar, amma ni ban yarda a dogara da shi ba. Maigida ya tambayi mai inji ko yana niƙa alkama. In yana yi, a nemi wani injin, ko kuwa a koma ga turmi da dutsen niƙa. A tsince masarar tukuna, a wanke, musamman wadda aka auno a kasuwa, inda mudu ɗaya ke shiga kowane buhu.

Uwargida, ki ware wa mai ciwon rariyarsa da muciyarsa da ƙwaryarsa, ki yi musu alama. Itace da ƙwarya suna riƙe gari a tsagunsu. Ki fara dafa nasa ki rufe kafin ki taɓa fulawa. Man da aka toya fanke a ciki kada a toya masa ƙosai da shi.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A ƙasar Meksiko, inda masara ta samo asali, abincinsu na kullum wata irin gurasa ce siririya mai suna tortiya, ta masarar da aka dafa da ruwan farar ƙasa. Asalinta ba alkama a ciki. Amma ana yin ta alkama ma, a gasa su bisa kasko ɗaya, wani mai sayarwa kuma ya ƙara fulawa don ta yi laushi. Haka ɗanwake da waina suke a wurinmu. Sai a tambayi mai sayarwa, in ba a tabbata ba a bari. Samobita kuwa alkama ce, ko da ta yi kama da tuwon masara.

Wanda ya ga waɗannan alamu ga ɗansa, kada ya yi gaggawar hana shi alkama da kansa. Ya kawo shi disfensare a tura shi babban asibiti a gwada jininsa tun yana cinta, domin in an daina, gwajin ba zai nuna ciwon ba. In an tabbatar yana da shi, a kai 'yan'uwansa na ciki ɗaya su ma a duba su.