Tafiya da ɗan aku: a kula da hanya, a kula da iyaka

Ɗan akun da ake ɗura wa abinci da sirinji ba ya jure sanyi. A sa shi cikin kwali mai ƙofofin iska, nesa da taga. Kada a ɗura masa mota na tafiya, don gargada ɗaya ta isa abinci ya bi hanyar numfashi ya shaƙe shi. A jira tasha, a dama sabo mai ɗumi.

Babban aikin dai yana kan iyaka. Tun Janairun 2017 aku mai jar wutsiya yana rukunin farko na yarjejeniyar CITES. Fitar da shi daga Kamaru zuwa Cadi ko Najeriya sai da takardar izini, ko da na gida ne. In babu, ma'aikatan duwan na iya ƙwace shi.