Yadda Ake Ɗora Ɗinkin Ƙyallaye a Kan Firam Don Rataya a Bango

Sau da yawa ɗalibi yakan shafe makonni yana haɗa guntayen atamfa da shadda, ya fitar da zane mai kyau, amma ranar da za a nuna aikin sai a kafa masa ƙusa huɗu a bango. Kafin ƙarshen zango tsakiyar ta lotsa, gefuna sun nannaɗe, tsatsar ƙusa ta ɓata yadin. Wahalar mako shida ta tafi a banza, ba don ɗinkin bai yi kyau ba, sai don ba a iya rataya shi ba. Yau za mu yi bayanin hanyar da za ta hana wannan asara.

Mene ne ɗinkin ƙyallaye?

Ɗinki ne mai hawa uku: fuska, wadda ake haɗawa da ƙyallaye kala-kala, auduga a tsakiya, da shafi a baya. Sai a bi su da allura a ɗinke su tare. Kada wani ya ɗauka baƙon abu ne. Duk wanda ya kalli hawan salla ko na Gani a nan Daura ya san lifidi, rigar nan mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa. Da irin wannan dabara ake yin sa: yadi sama, yadi ƙasa, a cusa auduga a tsaka a ɗinke. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi a can. A Amurka kuma, matan wani ƙauye mai suna Gee's Bend suna haɗa tsofaffin tufafi su ɗinka mayafin barci, har a 2002 aka baje aikinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York. Ke nan abin da tela ke sharewa ya zubar yana iya zama abin kallo.

Kayan aiki

Za ku nemi firam na katako mara nauyi daga wurin kafinta, akoko ko wani yadi mai kauri, ƙananan ƙusoshi, guduma, fil, allura, zare mai ƙarfi da tef na awo. Firam ɗin ya fi ɗinkin girma da inci ɗaya ta kowane gefe. Idan ɗinkin inci 10 ne tsawo da faɗi, firam ya zama inci 12. A roƙi kafinta ya goge kaifin katakon don kada ya yanke yadi.

Mataki na 1: A wanke akokon, a shanya, a goge. Sabon yadi yana tsukewa idan ya sha ruwa, gara ya tsuke tun kafin a ɗaura shi. A yanka shi ya zarce firam da inci 3 ta ko'ina.

Mataki na 2: A shimfiɗa yadin a tebur, a kifa firam a kai. A naɗo yadin ta tsakiyar gefe ɗaya a kafa ƙusa a bayan katako. A koma gefen da ke fuskantarsa, a ja, a kafa. Haka za a yi wa sauran biyun, sannan a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan zuwa kusurwa. Wanda ya gama gefe ɗaya kafin ya taɓa ɗayan, yadinsa zai karkace. A ninke kusurwoyi a baya. Idan aka ƙwanƙwasa da yatsa aka ji ya ɗame kamar fatar ganga, ya isa.

Mataki na 3: A goge ɗinkin ta baya, a ɗora shi a tsakiya. Kada a yarda da ido kawai, a auna gefuna huɗu da tef, sannan a riƙe shi da fil.

Mataki na 4: A soko allura daga bayan akokon, ta kama shafin ɗinkin kaɗai ba tare da ta ɓullo ta fuska ba, sannan ta koma. A fara da gefen sama, domin shi ke ɗauke da nauyin. A bar tazarar yatsu biyu tsakanin kowane ɗinki, kuma kada a ja zaren da ƙarfi har ya tattare yadin. A ƙara ɗinki uku ko huɗu a tsakiya don kada ya yi ciki.

Me ya sa ba za a sa gam ba?

Gam ya fi sauri, amma yana ratsa yadi, ya bushe ya yi tauri, daga baya ya bar tabo. Ƙullun fulawa ko sitaci kuwa gayyatar kyankyasai ne. Zare kuma, ranar da ake son wanke aikin ko sauya masa firam, sai a tsinke shi ta baya a ɗauke ɗinkin lafiya lau.

Inda za a rataya

A guji bangon da rana ke bugawa ta taga, domin rana tana cinye launin atamfa. A guji bangon da ke jiƙa da damina ko wanda gara ta yi wa hanya. A kafa murfin kwalba na roba a bayan kusurwoyin ƙasa biyu don iska ta riƙa ratsawa. Da hunturu a riƙa kaɗe ƙura da buroshi mai laushi, ban da jiƙaƙƙen tsumma. A rubuta sunan mai aikin, ajinsa da shekara a bayan katako, ba a jikin ɗinkin ba.

Muna roƙon malamanmu na aikin hannu su ware mana darasi guda mu gwada wannan tare. Ku kuma 'yan'uwa, kafin mako mai zuwa kowa ya leƙa wurin telan unguwarsu ya roƙo ƙyallaye.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta