Yaushe Likita Ke Rage wa Mai Ciwon Suga Magani?

An daɗe ana ɗaukar cewa iya saukar suga a jini, iya lafiyar majiyyaci. Binciken ACCORD ne ya taka wa wannan tunani birki. An yi shi a Amurka da Kanada a kan mutum sama da 10,000, aka matsa wa wani rukuni da magani don sugansu ya sauka sosai. A 2008 aka dakatar da wannan ɓangaren tun wa'adinsa bai cika ba, domin waɗanda aka matsa wa sun fi sauran mutuwa.

Abin da likita ke gudu shi ne faɗuwar suga. Tsohuwar da ta sha glibenclamide da safe, ba ta samu ta karya ba, sai gumi ya keto mata, hannu ya kama rawa, ta riƙa gani dishi-dishi, wani lokaci ta yanke jiki ta faɗi. 'Yan gida kuwa su ce hawan jini ne. Wannan ƙwaya da allurar insulin su ne kan gaba wajen jawo haka, musamman idan ƙoda ta yi rauni, magani yana daɗewa a jiki. Shi ya sa ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ta sassauta wa tsofaffi masu tarin cututtuka: a gwajin HbA1c, mai nuna sugan kusan wata uku, ƙasa da kashi 8 ya wadatar, maimakon kashi 7 da ake nema ga yawancin manya.

Akwai kuma ragi na farin ciki. A binciken DiRECT na Birtaniya, wanda aka wallafa a 2017, kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin rage ƙiba sun cika shekara sugansu ya daidaita babu magani. Bayan shekara biyu adadin ya koma kashi 36. Don haka likitoci ke cewa ciwon ya lafa, ba sa cewa an warke.

Duk da haka, likitoci da dama sun fi saurin ƙara magani a kan rage shi, don tsoron kada suga ya sake tashi a hannunsu. Wanda zai rage yakan bi a hankali, magani ɗaya bayan ɗaya, ana awo a kai a kai. Ko sauyin da ake yi wa masu azumin Ramadan haka ake tsara shi, tun watan bai kama ba. Mai nau'in ciwon na ɗaya kam ba a yanke masa insulin, domin jikinsa ya daina samar da ita.