Yuki Tsunoda: Daga Sagamihara Zuwa Kujerar Red Bull

A gasar tseren motoci ta Formula 1, kujeru 20 kacal ake da su a kakar 2025, kuma duk matashin da ke tsere a duniya idonsa na kansu. Shi ya sa labarin Yuki Tsunoda, ɗan ƙasar Japan da aka haifa a garin Sagamihara ranar 11 ga Mayu, 2000, ya cancanci a duba shi, domin yana nuna yadda ake hawa wannan tsani da kuma wanda ke riƙe da shi.

Tun yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa ya ɗora shi a kan ƙananan motocin tsere marasa rufi da ake kira kart, inda kusan kowane direba ke farawa. A 2016 ya kammala makarantar koyon tsere da ke filin Suzuka, mallakin kamfanin Honda. Bai samu gurbin tallafin da ake bai wa zakarun ɗalibai ba. Tsohon direba Satoru Nakajima, wanda ke shugabantar makarantar, shi ne ya ga yadda yaron ke shiga kwana ya sa baki a ba shi dama. Ba don haka ba, da wataƙila nan labarin ya tsaya, domin tseren mota sana'a ce mai cin kuɗi, kuma iyalai kaɗan ne ke iya ɗaukar nauyinta ba tare da ubangida ba.

Honda ta zama ubangidansa. Ya lashe gasar Formula 4 ta Japan a 2018, sai aka tura shi Turai a 2019 ƙarƙashin shirin matasan ƙungiyar Red Bull, wadda a lokacin Honda ke ƙera wa injuna. Ya sauka Suwizalan da ɗan Turancin da bai taka kara ya karya ba, ya yi shekara guda a Formula 3, ya ci tsere a Monza. A 2020 ya zo na uku a Formula 2 da nasara uku, abin da ya ba shi makin da ake buƙata kafin a samu lasisin Formula 1, wato maki 40.

Tserensa na farko a Bahrain a 2021, da motar AlphaTauri, ƙaramar ƙungiyar Red Bull, ya ƙare na tara, duniya ta yi ta yabo. Makonni kaɗan bayan haka ya rafka motar da bango a Imola. Daga nan sai haɗura suka yi yawa, ga kuma zafin rai: yakan yi ta zazzaga ashar ta rediyo injiniyoyinsa na saurare, masu kallo ma na ji. Aka ɗauko shi daga Ingila aka kai shi Faenza ta Italiya, kusa da masana'antar ƙungiyar, inda shugabanta, Franz Tost, ya tsara masa lokacin motsa jiki, da zama da injiniyoyi, da darasin Turanci, kamar ɗan makarantar kwana. A ganina wannan horon ya fi duk nasarorin baya amfani. Ya rufe shekarar da matsayi na huɗu a Abu Dhabi.

Sai da ya shafe shekara huɗu yana jira kafin Red Bull ta ɗauke shi a 2025, a madadin Liam Lawson, kuma ya fara ne a Suzuka, gaban mutanen ƙasarsa. Zama a ƙungiya ɗaya da Max Verstappen ya kayar da direbobi da dama kafinsa, shi ma bai tsira ba: motar ta ƙi ba shi haɗin kai, maki suka yi ƙaranci. Ana cikin haka Honda, ubangidansa, ta riga ta ƙulla yarjejeniyar komawa Aston Martin daga 2026. A ƙarshen kakar aka bai wa Isack Hadjar kujerar, Tsunoda ya koma direban ko-ta-kwana.