Taurari Biyar: Na Kaya Ne Ko Na Mai Kaya?

Wannan shiri na musamman, wanda ke zuwa wa masu sauraro daga Suleja, ya ɗauko wani ruɗani da ya yi katutu a cinikin intanet, wato yadda masu saye ke cakuɗa hukuncin da ya dace da kayan da suka saya da hukuncin da ya dace da ɗan kasuwar da ya sayar musu. Manyan kasuwannin intanet sun tanadi gurbi biyu domin jin ta bakin mai saye. Na farko shi ne sharhin kaya, inda ake sa ran mutum ya faɗi ko wayar tana riƙe caji, ko atamfar tana zuba, ko fankar tana ƙara, sannan ya ba kayan maki da taurari daga 1 zuwa 5. Na biyu shi ne shaidar mai sayarwa, inda ake tambayar ko ɗan kasuwar ya aiko abin da ya tallata, ko ya aiko shi a kan lokaci, ko ya naɗe shi da kyau, kuma ko yana amsa kira idan matsala ta taso. Tambayar farko ta shafi masana'antar da ta ƙera kayan, wadda ƙila tana ƙasar Sin ko Turkiyya ko Aba, ta biyun kuwa ta shafi mutum guda mai shago da suna da iyalin da yake ciyarwa.

Tarihin wannan ciniki a Najeriya ba shi da tsawo. Jumia da Konga sun fara aiki a Legas a 2012, Jiji ta biyo baya a 2014, daga bisani AliExpress da Temu suka sami nasu masu saye. Suleja kuwa, wadda ta bar wa babban birnin tarayyar da aka ƙirƙiro a 1976 sunanta na asali, wato Abuja, ta zama makwancin ɗimbin ma'aikatan da ke wuni a Abuja, mutanen da ba su da sararin zagaya kasuwar IBB a ranakun aiki, don haka sayayyarsu da yawa ta koma cikin wayar hannu.

A cinikin ido da ido wannan ruɗani bai cika tasowa ba, domin idan rediyo ta lalace bayan mako guda, mai ita zai koma rumfar da ya saye ta, kuma a gaban maƙwabtan rumfa za a tantance ko matsalar daga kamfani take ko kuwa mai rumfar ne ya yi ha'inci. Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu irin su Risala da Mukhtasar a zaurukan ƙasar Hausa, sun daɗe da raba waɗannan abubuwa biyu. Sun ba mai saye abin da ake kira zaɓin aibi, wato damar mayar da kayan da ya gano suna da lahanin da bai sani ba lokacin ciniki, amma sun bambanta mai sayarwar da shi ma bai san da lahanin ba da wanda ya sani ya ɓoye, suka ɗora wa na biyun nauyin da ba su ɗora wa na farkon ba. Aibin kaya daban, amanar mai kaya daban, kuma mutanen kasuwa sun san haka tun kafin a yi kwamfuta.

Abin sha'awa shi ne yadda gurbin nan biyu suka fito daga gidaje biyu mabambanta a ƙasar Amurka. A 1995 Pierre Omidyar ya buɗe kasuwar gwanjo wadda daga baya ta zama eBay, inda baƙo ke aika wa baƙo kuɗi domin kayan da bai taɓa gani ba. Da ƙorafe-ƙorafe suka yi masa yawa, sai a farkon 1996 ya buɗe wani zaure inda kowa zai ba abokin cinikinsa shaida, ta yabo ko ta suka ko ta tsaka-tsaki. Kayan eBay na wancan lokaci galibi na hannu ne, ba a samun biyu iri ɗaya, saboda haka mutum ake aunawa ba kaya ba. Wasu masana, ciki har da Paul Resnick na Jami'ar Michigan da Richard Zeckhauser na Jami'ar Harvard, sun gwada darajar wannan shaida ta wata hanya mai ban sha'awa, kuma suka wallafa sakamakon a 2006. Sun haɗa kai da wani tsohon dillalin katunan gidan waya na da, wanda ya tara shaidar yabo mai yawa, suka raba katunansa ƙulli biyu-biyu masu kama da juna, ana sayar da ƙulli ɗaya da sanannen sunansa, ɗayan kuma da sababbin sunayen da ba wanda ya sani. Dillali ɗaya ne, kaya iri ɗaya ne, hannun da ke naɗewa ya aika ɗaya ne, amma masu saye suka yarda su biya ƙarin kusan kashi 8 cikin 100 a ƙarƙashin sanannen sunan. Wannan ƙarin kuɗin amana ne zalla, domin kaya iri ɗaya ne, kuma wannan amanar ce ake taɓawa duk lokacin da aka zuba suka a gurbin da ba nata ba.

Amazon ta bi wata hanya. Ta fara da littattafai a 1995, kuma tun da kowane kwafi na littafi daidai yake da ɗan'uwansa, sai ta bar masu karatu su yi sharhi a kan littafin kansa. Da ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa na waje a shekarar 2000, sai ya zama shafi guda na kaya guda yana iya ɗaukar masu sayarwa da dama, dukansu suna cin gajiyar sharhi ɗaya, kowannensu kuma yana da tasa shaidar a gefe. Ƙa'idar kamfanin ta ce za a iya goge shaidar mai sayarwa idan gaba ɗayanta sharhin kaya ce, kuma idan kamfanin ne da kansa ya ajiye kayan ya kai su, yakan ɗauke wa ɗan kasuwa laifin jinkirin kaiwa. Yana kuma buƙatar odar da ta jawo matsala ta kasance ƙasa da kashi 1 cikin 100 na cinikin ɗan kasuwa, in ba haka ba ana iya dakatar da shi. Jumia ma, wadda mutanen Suleja suka fi sani, tana nuna taurarin kaya da sharhin waɗanda aka tabbatar sun saya a wuri guda, sannan a wani ƙaramin akwati tana nuna sunan mai sayarwa da makinsa cikin 100, akwatin da masu saye da yawa ke wucewa ba su duba ba.

Lissafin cutarwar ba shi da wuya. Ɗan kasuwar da ya tara shaida 20 duk na yabo, idan aka ƙara masa suka guda, makinsa zai faɗo daga 100 zuwa kusan 95, alhali wanda ya tara 2,000 ko a jikinsa. A kasuwar da kusan kowa ke da maki mai tsawo, kamar yadda bincike ya nuna a eBay cewa matsakaicin yabo ya haura kashi 99 cikin 100, wannan faɗuwa ta isa ta mayar da ƙaramin ɗan kasuwa ƙarshen layi. Idan kuwa sukar ta samo asali ne daga batirin da wata masana'anta ta yi wa ƙwange, to an koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, domin shafin kayan zai ci gaba da ƙyalli da taurarinsa, masana'antar ta ci gaba da ciniki ta hannun wasu.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma a Suleja matsalar kai kaya tana ƙara rura shi. Gidaje da yawa a Kwamba da Maje da Madalla ba a gane su da lamba sai da kwatance, cunkoson Zuba da Madalla yakan cinye wa ɗan aike wuni guda, hanyar Abuja zuwa Kaduna kuma ta kwashe shekaru ana aikinta tun 2018. Mai sayen da ya jira kwanaki har ya gaji yakan huce haushinsa a gurbin da ya fara gani, ya ba injin markaɗe tauraro 1 saboda ya iso a makare, ko da injin yana aiki lafiya lau. Wata mai saye a Sakkwato ko Fatakwal, wadda ba ta san Zuba ba, za ta ga tauraron ta ɗauka injin ne ba shi da kyau.

Sai dai akwai inda rabuwar ba ta da sauƙi, kuma a nan ne bai kamata a yi saurin ɗora wa mai saye laifin rashin sani ba. Wannan shi ne batun jabu. Idan 'yan kasuwa biyar suna sayar da cajar waya mai suna ɗaya a shafi ɗaya, huɗu suna aika ta gaske, na biyar yana aika jabu, wanda aka kai wa jabun zai rubuta a sharhin kaya cewa cajar ba ta da kyau, kuma gaskiya ya faɗa game da abin da ke hannunsa. Amma abin da ke hannunsa ba shi ne abin da ke shafin ba. Sukarsa za ta sauka a kan kamfani na gaske da 'yan kasuwa huɗu masu gaskiya, mai ha'incin kuma ya tsira da makinsa fes, ya jira mai saye na gaba. A irin wannan hali ƙorafin da ya yi kama da na kaya, a haƙiƙa ƙorafi ne a kan amana, kuma gurbinsa shi ne shaidar mai sayarwa, tare da kai ƙara ga kasuwar da lambar oda da hoto.

Akwai kuma bambancin lokaci, wanda kasuwannin da kansu suke yi wa riƙon sakainar kashi. Shaidar mai sayarwa tana nuna ne ranar da kaya suka iso, sharhin kaya kuwa ba ya nuna sai an yi amfani da su, an wanke atamfar, an ɗauke wuta an kawo sau da dama an ga ko firjin ya jure. Manhajojin kuma sukan turo saƙon neman taurari jim kaɗan bayan isowar kaya, da Turanci, da alamar tauraro iri ɗaya a kowane gurbi, sannan a ga laifin mutum don ya rikita su. A cinikin WhatsApp da Instagram da Facebook, inda matan Suleja da yawa ke sayar da leshi da turaren wuta da kayan kicin, gurbi biyun ma babu su. Mai sayarwa ce ke zaɓar saƙonnin yabon da za ta ɗora, kuma mafi yawansu godiya ce cewa kaya sun iso daga kasuwar Kantin Kwari ta hannun direba, wadda shaida ce ta cika alkawari mai daraja, amma ba ta ce komai a kan ko yadin zai koɗe ba.

Lokaci ya ƙure, amma ya wajaba a ambaci cewa wasu da gangan suke cin moriyar wannan ruɗani. A 2023 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta sa kamfanin Bountiful, mai sayar da ƙwayoyin ƙarin lafiya, ya biya dala 600,000 saboda ya haɗa sababbin kayansa da tsofaffi a shafin Amazon domin su gaji taurarin da ba su suka samo ba, a 2024 kuma hukumar ta fitar da ƙa'idar da ta haramta sharhin ƙarya. A Najeriya, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan da ke da lahani ko waɗanda suka saɓa da yadda aka siffanta su, yayin da hukumomin SON da NAFDAC ke kula da ingancin kayan kansu. Duk wanda zai kai ƙara ga ɗaya daga cikinsu zai buƙaci shaidar biyan kuɗi da lambar oda da kuma sunan ɗan kasuwar da ke cikin wancan ƙaramin akwati, don haka ya kyautu a ɗauki hotonsa tun kafin a biya.