Ba'amurken da ya zo Zariya neman sarewar Fulani

A shekarar 1981 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta karɓi wani baƙo daga Amurka, Yusef Lateef, ɗaya daga cikin manyan mabusan kiɗan jaz. Ya yi shekara huɗu yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne sarewar Fulani.

Ya zo ne a lokacin da jaz ɗin kansa ya riga ya sauya kama. A 1970 Miles Davis ya fitar da faifan Bitches Brew, inda ya shigo da jita da fiyano masu amfani da lantarki, ya gauraya jaz da kiɗan rok. Wannan gamin gambiza shi ake kira jaz fiyushan. Masu ra'ayin riƙau sun ce ya ɓata gado, amma matasa suka yi ta saye. Herbie Hancock ya biyo da Head Hunters a 1973, kuma a farkon waƙar Watermelon Man da ke ciki, busa bakin kwalba aka yi don kwaikwayon wata busa ta mutanen dazukan Afirka ta Tsakiya. Har gobe ana jin tasirin salon: faifan To Pimp a Butterfly na Kendrick Lamar, na 2015, mabusa da makaɗan jaz ne suka riƙe shi.

Shi kuwa Lateef, tun kafin zuwansa yake haɗa jaz da kayan busa na Gabas, kuma bai ma son a kira kiɗansa jaz. Zamansa a nan ya haifar da faifan In Nigeria, da kuma littafi kan kiɗa da wasannin Hausa da suka rubuta da Ziky Kofoworola, wanda ya fito a 1987.

Abin da ke damuna shi ne halin da muke ciki a gida. Yaron da ke haɗa kiɗa a kwamfuta a Takur ko wata unguwa a Dutse, sautin sarewa da kalangu daga cikin na'ura yake ciro su, alhali masu busa ta gaske na nan a rugagen da ke kewaye da garin. Kiran mabushi situdiyo akwai kashe kuɗi, gaskiya ne. To amma Lateef teku ya tsallako don wannan sautin, ya kuma zauna har 1985.