Daga Dokin Kara Zuwa Babur

Ku sani son gudu tun ƙuruciya yake tsira. Muna yara a Dutsi, in an gama girbin dawa sai mu zaɓi kara mai kauri, mu ɗaura masa linzamin kaba, mu yi ta sukuwa, muna kwaikwayon masu kai jahi a ƙofar Sarkin Daura ranar Salla. Amma mahayin gaske ba a sakar masa doki sai ya iya jan linzami, domin darajar jahi tana wurin tsayawa. Yau kuwa attajirai na saya wa yara babur, babu mai koya musu wannan. To, wanda zai miƙa wa ɗansa makulli, ya fara koya masa birki.